Garou: me ke tada jarirai daga barcin rana da wuri, kuma me ya kamata iyaye su yi?

A Garou, cikin gundumar Malanville da ke gaɓar kogin Neja daura da Gaya, barcin ranar yaro shi ne ɗan lokacin da uwa ke samu ta yi daka, ta ɗora tukunya ko ta shirya kayan kasuwa. Sai dai sau da yawa ba a yi minti 40 da shimfiɗe jariri ba sai a ji kukansa. Yaron da bai ƙoshi da barci ba kan yini yana rigima, ya ƙi cin abinci, da dare ma ya kasa kwanciya.

Barcin jariri hawa-hawa ne. Kowane zagaye kan ɗauki minti 50 zuwa 60, na babba kuwa kusan minti 90. A ƙarshen zagayen barcin yakan yi sauƙi, har ƙaramin abu ya tada shi: ƙarar turmi, wucewar babur, ƙuda, jiƙaƙƙen kunzugu ko yunwa. Wanda ya yi barci a goye kuma aka sauke shi, idan ya motsa bai ji ɗumin baya ba, sai ya farka gaba ɗaya.

Zafi ma na da nasa hannu. Daga Maris zuwa Mayu yanayi a yankin Malanville kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka da tsakar rana.

Awa nawa ake buƙata?

A ƙa'idojin da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawarar awa 14 zuwa 17 ga jariri daga haihuwa zuwa wata 3, awa 12 zuwa 16 daga wata 4 zuwa 11, sai awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara 1 zuwa 2. Lissafin ya haɗa barcin dare da na rana. Saboda haka yaron da ya tashi da fara'a yana wasa, mai yiwuwa ya samu abin da ya ishe shi. Wanda ya tashi yana kuka da murza ido shi ne ke da sauran barci.

Abin da ke taimakawa

A kwantar da yaro da zarar ya fara hamma, kafin gajiya ta kai shi ga rigima, kuma a riƙe lokaci guda kowace rana. A zaɓi wuri mai inuwa da iska, a rage masa tufafi, a kwantar da jariri a rigingine cikin gidan sauro. Idan ya motsa, a dakata kaɗan kafin a ɗauke shi; sau da yawa jijjigawa a hankali ko ɗora hannu a jikinsa kan mai da shi barci. In ya ƙi, a bar shi ya tashi, a matso da barci na gaba kusa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi ko da zafi, sai dai a ƙara yawan shayarwa. Kada a ba yaro maganin mura, jiƙo ko wani sirop don ya yi barci, domin wasu na danne numfashi.

Yaushe za a tafi asibiti?

Yankin fadama da gonakin shinkafa ne, sauro ba ya rabuwa da shi, musamman da damina. Idan tashin ya zo da zafin jiki, ƙin kama nono, yawan amai, numfashi da sauri ko taune-taune, a garzaya cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Haka ma yaron da barcinsa ya yi nauyi har ana tada shi da ƙyar: wannan ya fi tashi da wuri haɗari.