Jarrabawar motsa jiki ta BEPC: shin agogo da igiyar awo na faɗin gaskiyar ƙarfin yaro?

Kowace shekara, kafin ɗaliban ajin ƙarshe na kwaleji su zauna rubuta jarrabawar BEPC, sai sun fara bi ta filin wasa. Daga birnin Tahoua har garuruwan arewacin Adar irin su Barmou, malaman EPS ne ke riƙe da agogo da igiyar awo, yara na gudu, suna tsalle, suna jifa. Makin da aka samu yana shiga lissafi, kuma ga ɗalibin da ke bakin gaɓa, ɗan bambanci kaɗan na iya raba cin jarrabawa da maimaita aji.

Masana motsa jiki suna yi wa kowane gwaji tambayoyi biyu. Ta farko: yana auna abin da aka ce zai auna? Ta biyu: in aka maimaita shi, sakamakon zai tsaya yadda yake? Duk mai sayen hatsi a kasuwa ya san bambancin. Tiyar da aka lotsa wa gindi kullum awo ɗaya take bayarwa, amma kullum da tauye. Cikakkiyar tiya kuma, in wani ya yi mata tozo wani ya shafe baki, awon ba zai zo daidai ba. Gwaji nagari sai ya tsira daga aibin biyu.

Gwajin juriya da aka fi bincika a kan yara shi ne gudun kai da komowa na mita 20, wanda Luc Léger na jami'ar Montreal a Kanada ya fito da shi a 1982. Yaro na gudu tsakanin layi biyu yana bin ƙarar sauti. A tsarin 1988, ana farawa da saurin kilomita 8,5 a awa, ana ƙara rabin kilomita kowane minti, har yaron ya gaza. Da aka gwada sakamakonsa da na injin da ke auna iskar oksijin da jiki ke sha lokacin wahala, an ga suna tafiya tare gwargwado, ko da yake kiyasi ne kawai. Tsarin ALPHA da masanan Turai suka wallafa a 2011 ya riƙe shi, tare da tsallen tsaye da awon ƙarfin damƙar hannu, saboda suna cikin waɗanda suka fi tsayawa in an maimaita.

Sai dai ingancin gwaji na rataye da yanayin da aka yi shi. A Tahoua, zafin watannin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40. Wanda ya yi gudu da sanyin safiya da wanda layi ya kai kansa da hantsi ba jarrabawa ɗaya suka yi ba. Haka yashi ke cinye saurin da dandaryar ƙasa ke bayarwa. Yaron da ya tako daga ƙauye bai karya kumallo ba, yunwarsa ake aunawa tare da ƙarfinsa.

Agogon hannu ma na da nasa kuskuren. A gajeren gudu, yakan nuna lokaci ƙasa da na agogon lantarki, shi ya sa a wasannin guje-guje ake ƙara sakan 0,24 kafin a kwatanta su. Malamai biyu na iya auna gudu ɗaya su samu lamba biyu.

Matsala mafi wuya ita ce shekaru. Ɗalibai biyu ƴan shekara 15, ɗaya ya balaga ɗaya bai kai ba, ƙarfinsu ba zai zo ɗaya ba ko da horonsu ɗaya ne. A karkara kuwa, yara da dama ba a yi masu takardar haihuwa kan lokaci ba, sai daga baya alƙali ya ba da takardar da aka kintata shekarun. Duk jadawalin da aka gina kan shekaru zai gaji wannan kuskure.

Yawancin gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a yi gwaji da sassafe, a fili ɗaya ga kowa, a tanadi ruwan sha, a sa masu agogo biyu ko uku, a bar yara su saba da gwajin tun cikin shekara, domin rashin sabo kaɗai na rage maki. Cibiyar INJS ta Yamai, mai horar da malaman EPS, ita ce wurin da ya dace a daidaita hannun masu awo. Sannan binciken likita kafin gwaji bai kamata ya zama sa hannu kawai ba: ga yaro mai ciwon sikila, gudu har ƙarewar ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa na iya tayar da ciwon.