Ɗinke Tsagar Jirgin Faiba Kafin Fentin Gindi: Bayanin Aikin da Dalilansa

Gabatarwa

Masunta da masu fito sun daɗe da sanin yadda ake toshe kwale-kwalen katako: a cusa tsumma ko auduga a kafar, a bi da kwalta. Jirgin faiba, wanda ya yawaita a Legas da yankin Neja Delta kuma yake shigowa sauran hanyoyin ruwa, ba ya karɓar wannan magani. Jikinsa zaren gilashi ne da aka jiƙa da danƙon foliyesta, aka jera shi hawa-hawa har ya daskare, sannan aka lulluɓe shi da wata fata mai sheƙi wadda kaurinta bai cika wuce rabin milimita ba. Wannan maƙala ta bi matakan gyaran tsaga a irin wannan jiki kafin a shafa fentin gindi.

Tantance tsagar

Tsaga iri biyu ce. Akwai wadda ta tsaya a fatar waje, siririya kamar saƙar gizo-gizo, akwai kuma wadda ta ratsa cikin zaren. Magyara kan bambance su ta hanyar ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma ko kwabo. Lafiyayyen wuri yakan yi ƙara garau, inda hawan zaren suka rabu kuwa sai a ji amon ya dushe. Sau da yawa ɓarnar ta fi abin da ido ya gani faɗi, domin haka ake zagaye iyakarta da alama.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Fentin gindi ba ya hana ruwa shiga. Aikinsa hana gansakuka da ƙananan halittun ruwa maƙalewa, ta hanyar sakin sinadarin jan ƙarfe sannu a hankali. Wanda ya shafa shi bisa tsaga ya ɓoye ta ne kurum, ruwa kuwa zai ci gaba da bin zaren yana raba shi da danƙo, har ranar da jirgi ya ɗauki kaya da mutane.

Gurzawa da cikewa

Sai an fitar da jirgin tudu ya bushe sarai, ko da hakan zai ɗauki makonni, domin danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Daga nan a kankare tsohon fenti, a gurje duk zaren da ya yi fari ko ya yi laushi. Ba a barin bakin ramin a tsaye, ana karkata shi ne a kan ma'aunin 12 bisa 1. Ma'ana, idan kaurin jikin milimita 6 ne, gangaren zai kai milimita 72 ta kowane gefe. Mai kallo zai ga kamar ana ƙara ɓarna, amma faɗin gangaren nan shi ne filin da sabon faci zai riƙe, ya kuma raba nauyi maimakon ya tara shi a layi guda. Ƙurar gilashin tana cutar da huhu da fata, saboda haka takunkumi da safar hannu wajibi ne.

Bayan an goge wurin da asiton, sai a yanka ƙyallen gilashi falle-falle, kowane ya ɗan fi na bayansa girma. Ko da yake da foliyesta aka ƙera jikin, danƙon ifokzi ya fi dacewa da gyaran ƙarƙashin ruwa: ya fi kama tsohon jiki, ba ya tsukewa sosai idan ya daskare, kuma ya fi tare danshi. Tsada na daga cikin aibobinsa. Ana gauraya shi da mahaɗinsa daidai yadda kamfani ya ƙayyade, kuma kaɗan-kaɗan, domin a yanayin zafi yakan yi ɗumi ya daskare a cikin kwano kafin a gama shafawa. Magyara sun saɓa a kan ko babban falle ake fara ɗorawa ko ƙarami. Hujjar masu fara babba ta fi ƙarfi, tunda shi ne yake manne da dukkan gangaren. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne matse kowane falle har kumfar iska ta fita.

Kafin fenti

Ifokzi kan fitar da wani maiƙo a samansa idan ya daskare. Da ruwa ake wanke shi, kuma kafin a sa sanfefa, in ba haka ba a cusa shi cikin ƙarce-ƙarcen, fenti ya ƙi zama. Sai a daidaita wurin, a shafa ifokzin kariya hawa da yawa, sannan fentin gindi ya biyo cikin lokacin da kamfani ya faɗa.

Akwai kuma batun irin fentin. Yarjejeniyar Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta shekarar 2001, wadda ta fara aiki a 2008, ta haramta fenti mai sinadarin TBT saboda illarsa ga halittun ruwa. Jirgin da ake ja tudu bayan kowace tafiya ma bai cika buƙatar fentin gindi ba. Wanda yake kwana a ruwa wata da watanni shi ne gansakuka ke yi wa nauyi, ta rage masa gudu, ta ƙara masa shan mai.