Me ya haɗa ciwon ciki da yawan tunani?

Tun kafin likitoci su fara bincike a kan wannan lamari, Bahaushe ya riga ya ajiye shi a cikin harshensa. Idan mutum ya ji daɗi sai a ce yana farin ciki, idan ransa ya ɓaci a ce baƙin ciki, wanda ya tsorata kuwa cikinsa ne ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. Ba a ce farin kai ko baƙin kai ba. To yanzu ilimin likita ya tabbatar da cewa wannan ba salon magana kaɗai ba ne: akwai hanya ta zahiri tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, kuma saƙo yana bin ta ta kowane ɓangare.

Dalilin da ya sa muka ɗauko batun a yau shi ne yadda ƙorafin "olsa" ya yi yawa a tsakanin mutanenmu mazauna kudu. Ka zauna a majalisa a Agege, ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa a Owerri, da wuya a tashi ba a samu wanda ke dafe da ciki ba. Wani ya sha maganin olsa na kemis shekara biyu, wani ya koma na basir da dattin ciki da ake talla da lasifika, wani har agbo ɗin Yarbawa ya gwada. Ciwon ya lafa kwana uku ya dawo.

A bangon hanjin ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, abin da ya sa wasu masana ke yi masa laƙabi da ƙwaƙwalwa ta biyu. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ake kira bagus, wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji ta sauka ciki. Abin mamaki, kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwan wannan jijiya saƙo suke kai wa daga ƙasa zuwa sama. Wato ciki ya fi yi wa ƙwaƙwalwa magana fiye da yadda ita take yi masa. Sannan sinadarin serotonin, wanda ake yawan ambata idan ana zancen ciwon damuwa, kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke jiki a hanji ake yin sa. Sai dai a nan a yi hattara da masu tallan magani a Facebook da TikTok: serotonin na hanji ba ya tsallakawa kai tsaye ya shiga ƙwaƙwalwa, babban aikinsa shi ne motsa hanji. Don haka duk wanda ya ce maka garinsa zai wanke hanji ya kawo maka farin ciki, kuɗinka yake nema.

Ɓangaren da ya fi fitowa fili shi ne yadda tashin hankali ke sauka a ciki. An fara ganin haka da ido ne bayan 1822, shekarar da aka harbi wani saurayi mai suna Alexis St. Martin da bindiga a Amurka. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar rami da ake iya leƙa tumbinsa. Likitan sojan da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya shafe shekaru yana lura, ya ga cewa idan ran saurayin ya ɓaci, narkewar abinci takan yi jinkiri. Yau an san dalili. Idan mutum ya firgita, jiki yakan ɗauka gudu ko faɗa ne a gabansa, sai ya rage jinin da ke zuwa ciki ya tura shi ga gaɓoɓi. Tumbi ya rage aiki, babban hanji kuma ya ƙara sauri. Shi ya sa ɗan acaɓa da jami'ai suka tare zai ji yana neman makewayi nan take.

Idan na minti goma ne, babu komai. Matsalar ita ce zaman da fargabar ba ta yankewa. Ɗauki mai sana'ar da aka hana shi hawa babur a Legas tun dokar 2022, ga kuɗin haya, ga iyali a Katsina ko Zamfara da kullum yake jiran waya da faɗuwar gaba, ga barci a shago ko masallaci. Irin wannan jikin kullum a shirye yake kamar ana bin sa. A hankali jijiyoyin hanji sukan ƙara saurin jin zafi, ta yadda iskar da wani ba zai ma san da ita ba, shi murɗa za ta zame masa. Kumburin ciki, ƙwannafi, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita. A je asibiti a yi hoto a ce ba a ga komai ba. Likitoci suna da suna ga wannan, IBS, kuma ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, ba kuma jifa aka yi masa ba. Da yawa daga masu shi suna fama da fargaba ko ciwon damuwa a lokaci guda, kuma a wasu cikin ne ke fara lalacewa kafin damuwar ta biyo baya.

Amma kada a ɗauka duk ciwon ciki tunani ne. Shekaru da dama likitoci sun yi ta cewa damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki, sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar H. pylori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, tumbinsa ya kumbura. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Wannan ƙwaya ta yawaita a ƙasarmu, ana gwajinta ta bayan gida ko numfashi, kuma maganinta na kwana 10 zuwa 14 ne. Abu na biyu da ke huda tumbi shi ne maganin ciwon jiki irin su daiklofenak da ibuprofen da asfirin, waɗanda 'yan dako da masu tura baro ke haɗiya kullum cikin haɗin nan na masu tallan magani a tire. Wanda ke shan wannan haɗin yana kuma shan na olsa, kamar mai ɗebo ruwa da kwando ne.

Sai batun ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, tiriliyoyi ne. A 2004 masu bincike a Japan sun nuna cewa ɓerayen da aka raina ba tare da waɗannan ƙwayoyi ba sun fi sauran firgita idan aka matsa musu. Ɓera ba mutum ba ne, kuma a ganina an yi gaggawar mayar da wannan ilimi haja. Duk da haka akwai gwaji a kan mutane: a wani bincike da aka wallafa a 2017, a Ostireliya an ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa, aka gyara wa wasu abinci na mako 12. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gyara wa abincin sun samu sauƙi sosai, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8 cikin 100 ne. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancinsu ba su daina maganin da suke kai ba.

Abin da ƙwayoyin nan ke ci shi ne abinci mai dusa da ganye. Mutumin da ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka, da ɗanwake, da kwaɗon zogale ko rama, da fura da nono, ya zo kudu ya koma burodi da shayi da safe, lemon kwalba da rana, Indomie da ƙwai wurin mai shayi da dare, ya canja wa hanjinsa duniya. Kuma gyaran ba sai an jira motar arewa ba. Ewedu ai lalo ne, iru ɗin Yarbawa daddawarmu ce, ga ugu, ga wake, ga kuɓewa, ga akamu wanda shi ma jiƙa shi ake yi ya yi tsami kamar kamu. Kindirmo na da kyau in an tafasa madarar kuma wuri mai tsafta ne. A kuma rage haɗiyar Flagyl da ja-da-yalo duk lokacin da ciki ya yi ƙugi, domin ba sa bambance ƙwaya mai cuta da mai amfani. Goro da taba da lemon ƙarin kuzari a kan yunwa suna tayar da ƙwannafi, suna kuma ƙara bugun zuciya da hana barci.

Akwai alamomin da ba a jira da su: aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, rama ba dalili, abinci na tsayawa a maƙogwaro, ko ciwon cikin da ya fara sabo bayan shekara 45. Waɗannan asibiti ne kai tsaye. Idan kuma an yi gwaji ba a ga gyambo ba, ka faɗa wa likita gaskiyar halin da kake ciki, rashin barcin da tunanin, ko da tafinta ne, don zurfin ciki a nan cutar da kai ne. Idan ya rubuta maka ɗan ƙaramin maganin damuwa, ba yana nufin ka taɓu ba ne. Ana ba da irinsa don kwantar da jijiyoyin hanji. Wanda kuma damuwar ta kai shi ga jin rayuwa ta ishe shi, a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, ko Aro a Abeokuta, ko Uselu a Benin, ko sashen masu wannan lalura a UCH Ibadan.