Fagge: Zangon Ayari a Bakin Ganuwar Kano

Wanda ya fito daga cikin birnin Kano ta Ƙofar Mata ko ta Ƙofar Wambai, da ya ƙetare inda ganuwa take, to, ya shiga ƙasar Fagge. Yau kantuna da gidaje sun haɗe, har baƙo ba ya iya shaida inda birni ya ƙare da inda waje ya soma. Amma a dā Fagge ɗan ƙauye ne a gindin badala, fili ya kewaye shi. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ya sa aka zauna a wannan wuri, da kuma yadda kowane sabon abin sufuri, daga raƙumi zuwa jirgin sama, ya sake masa kama.

Inda wurin yake

Fagge na gabashin birni, a maƙwabtaka da ƙofofin da suka fi kusa da Kasuwar Kurmi. Rafin Jakara, wanda ya ratsa ta Kurmi, yana fita daga ganuwa ya bi ta gefensa. Watau abubuwa uku da ayari ke bukata duk sun taru a nan: fili inda za a durƙusar da raƙuma, da ruwa, da kusanci da kasuwa. Masu bin asalin sunaye sukan danganta sunan da kalmar fage, watau buɗaɗɗen fili, kuma yanayin wurin bai saɓa wa wannan magana ba.

Mai karatu zai yi tambaya, me ya hana ayari shiga birni ɗungum, alhali kuwa cikin ganuwa akwai gonaki da sarari mai yawa? Dalilai a fili suke. Ƙofofin birni ƙunci gare su, ana kuma rufe su da dare, kowace da sarkin ƙofarta. Lungunan da ke kai wa Kurmi ba a yi su don ɗaruruwan raƙuma ba. Bayan wannan kuma, ba sarkin da zai so baƙi masu yawa, kowa da takobinsa da mashinsa, su kwana a tsakiyar birninsa. Saboda haka aka raba aiki: dabbobi da masu kora su sauka waje, kaya kuwa su shiga ciki kaɗan kaɗan ta hannun fatoma da dillali.

Larabawa suna kiran bakin Hamada da sunan sahil, ma'anarsa gaɓar teku. In aka bi wannan misali, Fagge ita ce matsayar jiragen wannan teku, nan ake sauke kaya a canza musu abin ɗauka.

Zamanin raƙumi da jaki

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) shi ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, shi ne kuma farkon wanda ya mallaki raƙuma a ƙasar Hausa. Ya ce a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita. Sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi ya kuma faɗaɗa ganuwa. Labarin baka yana jingina kafuwar Fagge ga zamanin Rumfa, wannan kuwa ya dace da hankali, gama in kasuwa ta kafu, lalle a sami zango kusa da ita.

Hanyoyi uku ne manya. Ta farko ta taso daga Tarabulus, ta bi Gadamas da Gat da Azbin da Damargu da Damagaram, tafiyar watanni ke nan. Da ita ake kawo alharini da takarda da madubi da takubba, a koma da fatu da kirgi da hauren giwa da gashin jimina, da kuma bayi, abin da bai kamata mai tarihi ya ɓoye ba. Ta biyu ita ce ta gishirin Balma, wanda Buzaye ke kawowa da rani su musanya shi da gero da turkuɗi, irin wanda marinan Kura da na Ƙofar Mata suka shahara da shi. Ta uku ta nufi kudu maso yamma zuwa Gwanja, inda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke zuwa sayen goro a kasuwar Salaga, su ɗora wa jakuna da takarkarai, madugu na bisa kan ayari.

Sai dai a lura, ba dukan baƙi ke zama waje ba. Attajiran Larabawa, musamman mutanen Gadamas, cikin birni suka yi gidajensu, wajen Dala da Dandalin Turawa. Masu dabba su ne na Fagge. Bature Barth, wanda ya iso Kano cikin Fabrairu 1851 bayan ya biyo ayarin gishiri daga Azbin, ya kimanta mazauna birnin da 30,000, ya ce da rani, lokacin ciniki, sukan kai ninki biyun haka. Wannan ya nuna mana cewa zango wuri ne mai cika da rani, ya rage da damina.

Zuwan jirgin ƙasa

Turawan Ingila suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka yanke shawarar shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, wani ɗan gari a bakin Kwara, zuwa Kano, tsawon mil 356. Dogo ya iso Kano cikin Maris 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Hanyar da ta taso daga Ikko kuma ta haɗu da shi a Minna, sai Kano ta zama tafiyar 'yan kwanaki daga teku.

A nan akwai kuskure guda wanda ya zama ruwan dare a bakin ɗalibai, cewa wai jirgin ƙasa ne ya kashe ayari dare ɗaya. Maganar ba haka take ba. Cinikin Tarabulus ya riga ya raunana tun ƙarshen ƙarni na 19, saboda yaƙe-yaƙen Rabe a Barno, da shigowar Faransa Damagaram a 1899, da fashi a kan hanya. Jirgi ya zo ya ƙarasa shi ne kawai, a shekarar da Italiya ta kama Tarabulus, watau 1911. Ayarin gishiri kuwa bai tsaya ba, domin dogo bai je Balma ba. Har ma bayan tawayen Kawusan a Azbin, 1916 zuwa 1917, Buzaye da yawa suka ƙaura kudu da dabbobinsu zuwa ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato.

Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu. Manoman ƙasar Kano kuwa suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, in kuma shekara ta ƙi, ana iya cinta. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta kai wajen tan 19,000. To, wa ke kawo wannan gyaɗa daga ƙauye zuwa sikeli? Jaki da raƙumi ne. Ashe jirgi bai raba masu dabba da aiki ba, hanya ya sake musu: a maimakon su fuskanci arewa, sai suka fuskanci tasha. Fataken goro na dā, irin su Alhasan Ɗantata da Umaru Sharubutu Ƙoki da Maikano Agogo, su suka zama manyan masu sayen gyaɗa, da yake sun riga sun san ƙauyuka, suna kuma da yara a ko'ina.

An gina tashar jirgi waje da ganuwa ta gabas. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da ita, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata 'yan kudu, Kwarori da Larabawa kuma aka ba su filaye a Fagge ta Kudu. Sai Fagge, wadda a dā take bakin daji, ta wayi gari tsakanin birni da tasha, duk abin da zai tafi daga ɗaya zuwa ɗaya sai ya bi ta kanta. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953) aka sake tsara ta da miƙaƙƙun tituna, ta zama masaukin baƙi Musulmi masu neman sana'a.

Jirgin sama da mota

Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka Kano, su ne na farko da suka sauka a Nijeriya. A 1936 aka soma zirga-zirgar jirgin fasinja da wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Dalilin da ya kawo raƙumi shi ya kawo jirgi: wanda ya ƙetare Hamada lalle ya nemi masauki a bakinta. Hanyar dogo kuma aka ƙara ta zuwa Nguru a 1930.

Amma abin da ya kori jaki da raƙumi daga bakin ganuwa ita ce babbar mota, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka yawaita tituna. Daga baya fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe cinikin gyaɗa, dalar gyaɗa ta ɓace, jirgin ƙasa ya rasa babban kayansa. Duk da haka Fagge ba ta mutu kamar yadda Baro ta yi sanyi ba bayan da hanyar Ikko ta kwashe mata kaya. Kantunan Kwarori suka zama kasuwar Kantin Kwari, inda 'yan kasuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru ke zuwa sarin atamfa da shadda. Baro hanya guda ta dogara gare ta, Fagge kuwa ta jingina da birni da kasuwarsa.

Abin lura ga malamai

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, arzikin ƙaramin wuri yakan bi inda ake sauke kaya a sake ɗorawa. In wannan matsaya ta gusa, wurin ya bi ta ko ya tsufa. Ana iya gwada wannan ka'ida a kan kowane zango na ƙasar Hausa, har da garuruwan da sabuwar hanyar jirgi ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, za ta ratsa.

Shaidun wannan tarihi kuwa suna ƙarewa. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, an yi gini bisa kanta, dattawan da suka ga raƙuma durƙushe a bakin ƙofa sun yi ƙaranci. Ya kamata malamin tarihi ko na labarin ƙasa ya fita da ɗalibansa, su taka da ƙafa daga Kurmi zuwa Ƙofar Mata, su ratsa Fagge har tsohuwar tasha, su rubuta sunayen unguwanni da lunguna, su tambayi tsofaffi asalin kowane suna. Tafiyar ba ta wuce ta hantsi guda ba, amma hanyar shekara 500 ce.