Shin Ko Kun San? Daga Ganyen Itace Zuwa Ɗakin Awon Ciki

Shin ko kun san kalmar Turancin nan foliage, wadda ke nufin ganyayen itace gaba ɗayansu, ba haifaffiyar Ingila ba ce? Aro ta aka yi daga feuillage ta Faransanci, kakarsu kuwa ita ce folium ta Latin, wato ganye. Ɗan makaranta a New Bell ta Duwala kullum yana jin 'yar'uwarta. Da malami ya ce a fito da feuille, sai ka ji ana ta yagar falle daga tsakiyar littafi, don jarrabawa ta zo. Ganye da takarda sunansu ɗaya a bakin Bafaranshe. Haka ma a Larabci, inda muka samo warƙa, wadda gardi ke ɗagawa a hankali daga cikin gafaka.

Walat ɗin da ke aljihunka, portefeuille, ma'anarta maɗaukin ganye, kuma da ita ake kiran muƙamin minista. Wasan talabijin mai dogon zango, feuilleton, ya gaji sunansa daga wani fili a ƙasan shafin jaridar Journal des débats ta Faris tun 1800.

Sunan unguwar Cité des Palmiers ta Duwala ma ganye ne silarsa. Palma a Latin tafin hannu ce, Rumawa suka ga ganyen wannan dangin itace ya buɗe kamar yatsu. Dubi na giginya ko goriba, za ka gaskata.

Amma jikar folium da na fi so mata su riƙe ita ce folic acid, ƙaramar ƙwayar nan da ake haɗawa da maganin ƙarin jini ranar awo. A 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, tana aiki a Bombay ta Indiya, ta gano cewa wani sinadari a cikin yis yana warkar da ƙarancin jinin da ke kayar da masu juna biyu. A 1941 masana a Jami'ar Texas ta Amurka suka tace shi daga tan 4 na alayyahun Turawa, suka raɗa masa sunan ganye.

Aikinsa ya wuce ƙarin jini. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta samu ba. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, ana iya haihuwar yaro da buɗaɗɗen ƙashin baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mikirogiram 400 kullum, a fara tun ana neman cikin. Abin yana damuna in ga an ajiye ƙwayar a kan sif har ta lalace, wai tana sa ɗa ya yi girma a ciki.

Wata za ta ce ai muna cin miyar ndolé, muna cin zogale. Madalla, a ci gaba. Sai dai sinadarin yana bin ruwa, zafi kuma yana rage shi, shuwakar ndolé kuwa sai an tafasa, an wanke, an matse, an sake wankewa kafin ɗacinta ya fita ta shiga tukunyar gyaɗa.