Saitin taminal da makomar ƙugiyoyin haruffan Hausa a kan uwar garke

A wajen masu aikin kwamfuta, taminal ita ce tagar da mutum ya ke rubuta umarni a cikinta, a aika da shi zuwa wata kwamfuta da ke nesa, wadda a ke kira uwar garke, amsa kuma ta dawo a rubuce. Asalinta na'ura ce mai zaman kanta, allo da madannai kawai. Wadda ta fi shahara ita ce VT100, da kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978, mai nuna layi 24, kowane layi da gurbin harafi 80. An daina ƙera na'urar, amma manhajojin da su ka gaje ta suna kwaikwayon halinta har yanzu. Ɗaya daga cikinsu ita ce PuTTY, wadda Simon Tatham ya rubuta a Ingila. Da irinta ne mai bincike da ke zaune a Damagaram zai iya buɗe tarin matani da aka ajiye a Yamai, ya yi aiki a kansa kamar yana gabansa.

Farkon saitin ba shi da wuya. Ana ba manhajar adireshin uwar garke, da lambar ƙofar da za a shiga, da sunan mai shiga. Hanyar da aka fi bi ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a 1995, ƙofarta kuwa ita ce ta 22. Kafin ta, telnet a ke amfani da ita, ta ƙofa 23, wadda ke aika kalmar sirri a fili, duk wanda ya kasa kunne a hanya ya karanta. A haɗuwar farko uwar garke tana nuna wata shaida tata, manhajar ta adana. In wata rana shaidar ta sauya ba tare da mai kula da na'urar ya sanar ba, to abin da ya kamata shi ne a dakata a tambaya. Akwai kuma gurbin da a ke sa manhajar ta riƙa aika ɗan saƙo bayan kowane daƙiƙa 30 ko 60, don kada layin ya yanke in mai aiki ya yi shiru yana nazari.

Inda maganar ta shafi harshe shi ne tsarin haruffa. Abin da ke bin waya lambobi ne kawai, kuma dole ɓangarorin biyu su yarda da ma'anar kowace lamba. Tsarin ASCII na 1963 alamu 128 gare shi, iyakar buƙatar Ingilishi ke nan. Tsarin Latin-1 na 1987 ya ƙara é da è da ç, ya wadatar da mai rubuta Faransanci kusan gaba ɗaya, amma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Sai da Unicode ya zo a 1991 waɗannan haruffa su ka samu gurbi tare da sauran, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike su ka tsara UTF-8, hanyar da a ke rubuta su a fayil. A wannan tsari kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu ya ke ci, alhali k ko d bayit ɗaya ne.

Daga nan ne ɓarnar ta ke tasowa. In uwar garke ta aiko ƙ a UTF-8, taminal kuma an saita ta a kan tsohon tsarin Windows na yammacin Turai, sai ta ɗauki bayit biyun a matsayin alamu biyu, ta nuna Æ™. Haka ɗ zai fito É—, ƴ kuma Æ´. A nan rubutun Nijar ya fi na Nijeriya shiga haɗari da harafi ɗaya, domin 'y da a ke rubutawa a Kano alamu biyu ne na ASCII, babu abin da ke taɓa su. Gyaran a PuTTY yana sashen Translation, inda a ke zaɓen UTF-8. Tun daga fitowa ta 0.63 a 2013 shi ne zaɓin asali, sai dai saitin da aka adana tun da, ko aka kwafo daga wata na'ura, yana iya riƙe da tsohon tsari.

Wajibi ne a bambanta ɓarnar gani da ɓarnar rubutu. Alamun nan da su ka fito a allo ba su nuna cewa fayil ya lalace ba. Lafiyarsa ƙalau, tagar ce ba ta iya karanta shi. Babban kuskure shi ne mai aiki ya ɗauka matanin ne ya ɓaci, ya sake juya shi zuwa UTF-8, ya adana a kan na asali. A lokacin ne Æ™ ya ke shiga cikin fayil da gaske. Mafi muni shi ne wanda ya gaji ya maye dukan alamun da k da d da b, don allo ya yi kyaun gani. Juyin farko ana iya warware shi, domin kowace alama tana nuna asalinta. Na biyun ba ya warwaruwa sai da karatun mutum, kalma bayan kalma, tun da ƙafa ta koma kafa, ɗaka ta koma daka, ɓari ya koma bari, kuma dukansu kalmomi ne na Hausa da na'ura ba za ta yi zargi ba. Ga mai tattara ƙamus ko mai ƙidayar sautuka, aikin shekaru ne ya ke rushewa a nan.

Ita ma uwar garke tana da nata saitin harshe, wanda a ke gani da umarnin locale. In ƙarshen sunan da ya fito bai ƙunshi UTF-8 ba, wasu manhajojin rubutu za su ƙidaya ƙ a matsayin haruffa biyu, maɓallin gogewa ya cire rabi ya bar rabi. Akwai kuma sifar rubutun da taga ke amfani da ita: in babu zanen ƴ a cikinta, ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa, ko da sauran saitin daidai ne. Gwajin da ya isa kafin a taɓa matani shi ne a rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu a sabon fayil, a adana, a fita, a sake shiga a buɗe shi.