Fansho da Bashi: Abin da Ya Kusa Kayar da Asusun Fansho a Ingila

Yau maganar kuɗin fansho za mu yi. Kar ka ce ai ni yaro ne, bai shafe ni ba. In babanka malamin makaranta ne ko yayarka ma'aikaciyar asibiti, abincin tsufansu kenan.

Bari mu fara daga gida. A ce kai ɗan Yasore ne, kana da naira 200,000. Ka ranto 800,000, ka shiga kasuwar Batsari da kaka, ka sayi masara ta miliyan ɗaya ka ajiye. In farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, ka ci ribar 100,000, wato rabin jarinka. Daɗi ko? To in ya faɗi da kashi 20 fa? Jarinka ya tafi kaf, bashin kuma yana nan daram. Mai kuɗi ya ce ka ƙaro jingina ko ka biya yau. Dole ka fito da buhunan ka sayar a wulaƙance. Irinka goma suka fito da nasu a rana ɗaya, farashi ya ƙara zubewa.

To wallahi abin da ya faru a Ingila kenan a 2022. Asusun fansho da yawa a can sun jinginar da takardun bashin gwamnati da ke hannunsu, suka ranci kuɗi, suka ƙara sayen wasu takardun, don su iya cika alƙawarin da suka yi wa ma'aikata. Ran 23 ga Satumba, gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45, ba tare da ta faɗi inda za ta cike giɓin ba. Darajar takardun ta rikito. Masu bashi suka ce a ƙaro jingina, asusun suka shiga sayarwa, sayarwar ta ƙara karya farashi. Ran 28 ga wata sai da Babban Bankin Ingila ya shigo, ya sayi takardu na fam biliyan 19.3 kafin ƙura ta lafa. Ran 20 ga Oktoba, Truss ta sanar da murabus.

Za ka ce, a nan Najeriya fa? Dokar fansho ta 2014 ta hana kamfanonin da ke juya kuɗin fansho su yi jingina da shi don wani ya ci bashi. Sassaucin da aka yi shi ne, ma'aikaci zai iya amfani da kashi 25 na abin da ya tara wajen neman rancen gida, bisa ƙa'idar hukumar PenCom.

Amma mu ma bashi bai bar mu ba, fuska kawai ya sauya. Kuɗin fansho a ƙasar nan ya haura naira tiriliyan 20, kuma fiye da rabinsa an ranta wa gwamnatin tarayya ne ta hanyar sayen takardunta. Wato ma'aikacin da ake yanke wa kashi 8 na albashi duk wata, shi ke bin gwamnati bashi. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Duk shekarar da ribar asusunka ta gaza tsadar kaya, lamba ce ke ƙaruwa a takarda, buhun masarar da za ta saya kuwa raguwa yake.

Don haka in kana da asusun fansho, ko wani naka yana da shi, ku nemi bayanin asusun daga kamfanin. Ku duba ko abin da ake yankewa yana shiga duk wata, ku kuma tambayi ribar bara nawa ce.

Ku bar mana tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya sa mu gama lafiya.